Yadda sabon shiga zai fara buga golf a Yamai

Golf ɗin da ake nunawa a talabijin, mai ciyawa kore shar da tafkuna, ba shi za ka tarar a Yamai ba. Filin da aka fi sani a nan, Rio Bravo, yana bayan gari a kan hanyar Tillaberi, kusa da kogin Isa, kuma ƙasa ce da yashi da tsakuwa da itatuwan ƙaya. Dokokin wasan dai ɗaya ne da waɗanda ake bi a St Andrews ta ƙasar Sikotlan, inda aka tsayar da ramuka 18 tun 1764. Amma ƙasar da kake tsaye a kai tana canza abin da ya kamata ka fara koya. A kan ciyawa mai laushi, idan sanda ta ɗan taɓa ƙasa kafin ƙwallo, takan zame ta rufa maka asiri. A ƙasa mai tauri sai ta yi tsalle ta sari ƙwallon a ka, a yashi kuma ta nutse, ƙwallon ta matsa taku uku ta tsaya tana kallonka. Saboda haka aikin sabon shiga a nan shi ne ya iya taɓa ƙwallo kafin ya taɓa ƙasa, da sanda guda, a gajeren zango. Bugu mai nisa zai zo daga baya.

Mataki na farko: ka san abin da ake ƙirgawa

A kowane rami za ka fara daga wurin tashi, ka yi ta bugun ƙwallonka har ta faɗa rami mai faɗin milimita 108. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. An yanka wa kowane rami adadin bugun da ƙwararre zai yi, 3 ko 4 ko 5 gwargwadon tsawonsa, ƴan wasa na ce masa far. Idan ka gama da bugu ɗaya ƙasa da haka ka yi bardi, idan ka haura da ɗaya ka yi bogi. A yawancin filaye jimillar ramuka 18 tana kamawa 72.

Ka riƙe lissafin nan, domin shi zai gaya maka inda za ka kashe lokacinka. A cikin 72 ɗin, an ware bugu biyu a kowane rami na gangara ƙwallo a kusa da rami, wato 36. Rabin wasan ke nan, kuma ba ya buƙatar ƙarfin damtse ko kaɗan.

Mataki na biyu: kaya

Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna har 14. Kai huɗu ko biyar sun ishe ka shekara guda: ƙarfe mai lamba 7, ƙarfe mai lamba 9 ko wej na gajeren bugu, wej ɗin yashi, fota ta gangara ƙwallo zuwa rami, sai katako mai lamba 5 idan ka samu. Lambar da ke jikin sanda tana nuna kwanciyar fuskarta. Babbar lamba tana ɗaga ƙwallo sama ta sauke ta kusa, ƙaramar lamba tana tura ta nesa kuma ta fi wuyar sarrafawa. Direba, babbar sandar nan mai ƙaton kai da kowa ke ɗoki, ita ce mafi tsawo a jaka kuma ita ce ta fi ɓatar da ƙwallo. Ka ƙyale ta tukuna.

Kada ka sayi sababbi. Tsakuwa da jar ƙasa suna kankare ƙasan sanda cikin ƴan watanni, kuma ba ka riga ka san irin wadda ta dace da hannunka ba. Ka fara da aro ko haya, sannan ka sa kunne wajen tsofaffin ƴan wasa da baƙin da aikinsu ya ƙare za su bar ƙasar, su ne ke sayar da na hannu da sauƙi. In za ka yi sautu daga waje, ka duba abu biyu. Robar mariƙi kada ta zama ta bushe tana santsi. Kuma idan kai bahago ne, ka faɗa tun da wuri, domin sandunan bahago daban suke, ba a juya na dama su yi.

Ƙwallaye ma na hannu za ka saya, da yawa, domin za ka zubar da su a jeji. Masu launin ɗorawa sun fi saurin ganuwa idan ƙura ta rufe farare. Ka sa wa naka alama da alƙalami. Sai ƴan turakun da ake ɗora ƙwallo a wurin tashi, da safar hannu guda (ta hagu ga mai bugu da dama), da hula mai baki, da takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Karangiya ba ta ragawa mai silifa. A filayen yashi akan yarda ɗan wasa ya riƙe guntun ciyawar roba ya ɗora ƙwallo a kai idan ta tsaya a share-sharen hanyar da ke tsakanin wurin tashi da rami, don haka ka tambayi dokar filin a kan wannan tun ranar farko.

Batun tufafi, riga mai kwala da wando su ne al'adar wasan. Babbar riga da jallabiya suna kama hannu a tsakiyar lilo, wato jan sanda baya da sauko da ita don bugu. Mace za ta iya bugawa da doguwar riga mai sakin kafaɗa da ɗan ƙaramin hijabi wanda ba zai sauko kan hannuwa ba.

Mataki na uku: riƙo

Zan yi bayani da mai bugu da dama, bahago ya juya komai. Ka ɗora mariƙin a yatsun hannun hagu, ya ratsa daga gindin ɗan ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuniya, tudun tafin hannu ya danne shi ta sama. Idan ka dubi hannun, ka ga ƙullin yatsu biyu. Babban yatsa ya kwanta a kan sanda, ya ɗan karkata dama. Sai hannun dama ya zo ta ƙasa, tafinsa ya lulluɓe babban yatsan hagu. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, a hannuwan biyu, ta nuna wajen kafaɗar dama.

Akwai hanya uku ta haɗa hannuwan. Ko ɗan ƙaramin yatsan dama ya hau kan manuniyar hagu, ko su sarƙe da juna kamar yadda Tiger Woods da Jack Nicklaus suke yi, ko yatsu goma duka su kama sanda. Kowacce ta yi maka daɗi ka ɗauka. Abin da ba a so shi ne matsewa. In ka ga jijiyoyin hannunka sun miƙe, ka sassauta, domin hannu a sandare ba ya barin kan sanda ya yi gudu.

Mataki na huɗu: tsayuwa da saiti

Ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Ka rusuna daga ƙugu, baya a miƙe, gwiwoyi su ɗan saki, hannuwa su rataye a sake a ƙasan kafaɗu. Da ƙarfe 7, ƙwallo tana tsakiyar ƙafafu ko ɗan gaba kaɗan zuwa hagu.

Saiti ne ke yaudarar mutane. Kada ka nuna ƙirjinka ko ƙafafunka ga tutar da ake kafawa a rami. Ka tsaya a bayan ƙwallo, ka zaɓi wata tsakuwa ko busasshen ganye da ke kan layin tuta, taku ɗaya a gaban ƙwallon. Ka saita fuskar sanda ga wannan tsakuwa, sannan ka jera ƙafafu da ƙugu da kafaɗu su bi gefen layin. A wajen atisaye ka shimfiɗa wata sanda a ƙasa gaban yatsun ƙafarka, za ka yi mamakin inda jikinka yake dosa alhali kana rantsuwa ka saita daidai.

Mataki na biyar: layin yashi

Nan ne zan daɗe, domin nan wasan yake, kuma nan ne mutumin Yamai ya fi na Turai sa'a: yashi kyauta ne. Ka sami wuri mai faɗi inda ba mutane, ƙasar ta ɗan yi laushi, ka ja layi miƙaƙƙe da sanda. Ka tsaya yadda layin zai ratsa tsakiyar ƙafafunka, ba tare da ƙwallo ba. Ka ja sanda baya har hannuwa su kai tsayin ƙugu kawai, ka sauko da ita ka daki ƙasa, ka wuce har tsayin ƙugu a ɗaya gefen. Sai ka duba tabon. Ana so ya fara daga kan layin ya yi gaba, wajen hagu. In ya fara a bayan layi, to da akwai ƙwallo da ka daki ƙasa kafin ita. Ka matsa gaba kaɗan a kan layin ka sake, har ka jera tabo goma. Ƙasar za ta nuna maka gaskiya ba tare da malami ba.

Dalilin da ya sa tabon sabon shiga ke faɗawa baya kusan kullum ɗaya ne. Zuciyarsa na gaya masa sai ya shiga ƙarƙashin ƙwallo ya ɗebo ta sama, sai ya jingina a ƙafar dama ya karya wuyan hannu. Ba aikinka ba ne ɗaga ƙwallo. An kwantar da fuskar sanda don ta yi wannan aikin, kai naka shi ne ka daka ƙasa-ƙasa. Lokacin da sanda za ta taɓa ƙwallo, nauyinka ya riga ya koma ƙafar hagu, hannuwanka suna ɗan gaban kan sandar.

Ƙarfin kuma daga juyin jiki yake fitowa. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar hatsi da majajjawa ya san ba a jefa dutse da taurin hannu, ana barin igiya ta ɗauki gudu ne sannan a saki. Haka kan sanda yake. Kafaɗu su juya baya har bayanka ya kusa fuskantar tuta, sannan ƙugu ya fara warwarewa, hannuwa su biyo. Ka ƙare a tsaye a kan ƙafar hagu, cibiya na kallon tuta, dugadugin dama a ɗage. Ka riƙe wannan tsayuwa ka ƙirga uku. In ba ka iya ba, ka yi lilon da gaggawa.

Idan tabo bakwai ko takwas cikin goma sun fara faɗawa gaban layi, sai ka jera ƙwallaye a kan layin ka ci gaba da rabin lilon nan. Za ka ji ƙarar ta canza, wani ɗan "tas" mai tsabta, ƙwallon ta tashi ba tare da ka wahala ba. Daga nan ne za ka riƙa ƙara tsawon lilo a hankali. Rabin awa sau uku a mako ya fi wuni guda a wata, kuma tafin hannunka ba zai yi kanta mai ciwo ba.

Wata magana da za ka ji har ka gaji ita ce "ka sunkuyar da kai". Rabin gaskiya ce. Idonka ya zauna a kan ƙwallo har a buge ta, amma bayan haka ka bar kai ya bi jiki, in ba haka ba juyin zai tsaya, wuya da baya su ɗauki wahalar. A nan ne darasi biyu ko uku wajen wanda ya iya suke da amfani, domin ba ka ganin kanka. In babu malami, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya ta gaba da ta gefe.

Mataki na shida: kusa da rami

A filin yashi, wurin da rami yake ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddale, shi ya sa ake ce masa burawun maimakon girin, sunan da ake ba na ciyawa. Kafin a gangara ƙwallo akan share hanyarta a lallashe sawun ƙafa. Irin wannan wuri ya fi ciyawar da aka aske nauyi, don haka ƙwallo na son a tura ta da gaske, kuma ba ta cika karkacewa da yawa ba.

Da fota, idanu suna saman ƙwallo, wuyan hannu ba ya motsi, kafaɗu ne ke lilo gaba da baya. Nisa ya fi saiti muhimmanci. Wanda ya kauce da taƙi ɗaya zai zura a bugu na biyu, wanda ya gaza da taku huɗu kuwa sai ya yi uku. Ka yi atisaye a ɗaki a kan kafet, ka kwantar da kofin shayi a taku biyu, sannan huɗu, sannan shida.

Idan ƙwallo ta tsaya taku goma ko ashirin daga burawun, kada ka nemi ɗaga ta sama don burgewa. Ka haɗe ƙafafu kusa, nauyi a hagu, ƙwallo ta ɗan koma wajen ƙafar dama, ka yi ɗan gajeren lilo da ƙarfe 9 ko ma 7, ta yi ɗan tsalle ta gangara. In ƙasar a share take, fota ma ta isa. Ba wanda zai rubuta a katin ƙirga bugu da wace sanda ka buga.

Wuri ɗaya ne ake dukan ƙasa kafin ƙwallo da gangan, wato kwarin yashi da aka haƙa don tarko. A can za ka buɗe fuskar wej, ka daki yashi kamar yatsu biyu a bayan ƙwallon, yashin ya fito da ita. Doka ta hana ka jingina sanda a yashin gaba ko bayan ƙwallo kafin bugu.

Mataki na bakwai: ranar shiga fili

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka shiga fili sai kana iya tayar da ƙwallo da ƙarfe 7 fiye da rabin lokaci. Ka fara da ramuka 9, domin 18 na cin kusan awa huɗu da tafiyar kilomita da dama a ƙafa. Lokacin da ya fi daɗi shi ne sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko da yake hazo kan ɓoye ƙwallo a sama, sai abokin wasa ya taya ka kallo. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, don haka ko dai ka fita da an sallame asuba, ko bayan la'asar ka yi ƴan ramuka kafin magariba. Ka riƙe ruwa fiye da yadda kake zato, ka riƙa kurɓa a kowane rami tun kafin ƙishirwa ta zo. Da damina, in hadari ya haɗo aka fara walƙiya, ka ajiye sanduna ka nemi gini ko mota. Ƙarfe ne a hannunka a fili fetal, kuma gindin itace ba mafaka ba ce.

Ka ɗauki kadi, mai riƙe jakar sanduna. Yawancinsu sun san filin fiye da masu biyan kuɗin, sun san inda ƙasa ke da tauri da inda ƙwallo ke ɓuya. In ya ce, "Alhaji, a bar katakon nan, a ɗauki bakwai," ka ji maganarsa. Ku yi jinga kafin a fara, ka kuma ƙara masa wani abu in an gama.

Dokokin da za ka fara cin karo da su kaɗan ne. Kana buga ƙwallo a inda ta tsaya, sai abin da dokar filin ta sassauta. In ka kai mata duka da niyya ka kuskure ta gaba ɗaya, an ƙirga bugu. In ta ɓace, minti 3 kake da shi na nema tun gyaran dokoki na 2019, bayan haka ka koma inda ka buga, da tarar bugu ɗaya. Shi ya sa in ka ga ta nufi jeji, gara ka faɗa wa abokan wasa za ka buga wata ƙwallon ta wucin gadi tun kana wurin. In ta shige gindin aduwa ko cikin ƙaya inda ba ta buguwa, ka karɓi tarar bugu ɗaya ka sake ta daga tsayin gwiwa a cikin tsawon sanda biyu, ba tare da ta ƙara kusantar rami ba. Wannan ya fi ka yi ta sara har sau huɗu. Kuma kada ka zura hannu cikin ciyawa ko rami neman ƙwallo, ka tona da sanda, saboda maciji da kunama.

Ladabin wasan kuwa ya fi iya bugu jawo maka abokai. In wani zai buga, ka yi shiru, ka tsaya a gefe inda ba zai gan ka ba, inuwarka ma kada ta hau ƙwallonsa. Kada ka taka tsakanin ƙwallon wani da rami. Kada ka buga sai waɗanda ke gabanka sun yi nisa, haka in makiyayi ko yara ko dabbobi suna ratsawa, ka jira su wuce. Ƙwallon ba ta kai giram 46 ba, amma tana iya fasa kai. In ta nufi mutum, ka ɗaga murya ka ce "fo" ko "bal" kamar yadda masu Faransanci ke faɗa, ko ma "a kauce", muddin dai an ji. Sannan sauri. Tsofaffin ƴan wasa suna haƙuri da wanda bai iya ba, ba sa haƙuri da mai nawa. Ka shirya tun kafin layi ya zo kanka, lilon gwaji ɗaya ya isa, in kuma ka ninka adadin da aka yanka wa rami ba ka zura ba, ka ɗauki ƙwallonka ku wuce na gaba.

Babu alƙali mai usur a golf, kai ne ke ƙirga bugunka ka faɗa. Ka rubuta gaskiya ko da 10 ce, domin da waɗannan katunan ake fitar maka da handikaf, wato rangwamen bugu da ake ba kowa gwargwadon iyawarsa. A tsarin duniya da aka fara a 2020, mafi yawansa 54 ne, bugu uku na rangwame a kowane rami ke nan, kuma shi ne ke sa wanda ya fara bana ya iya karawa da wanda ya shekara ashirin yana bugawa. A gefen katin ka riƙa rubuta sau nawa ka yi amfani da fota a kowane rami da ƙwallaye nawa suka ɓace, ka ga wanne ya fi ci maka bugu, shi za ka yi wa atisaye a makon.

In kun tashi, ka goge fuskar sanduna da jiƙaƙƙen tsumma, ka cire ƙasar da ta cike ƴan layukan da ke jikinsu da tsohon buroshin haƙori, domin su ne ke kama ƙwallo. Kada ka bar jakar a but ɗin mota, zafin rana na busar da robar mariƙi ya kuma raunana gam ɗin da ke riƙe da kan sanda. Ka shigar da ita ɗaki.